Hasken da ya ratse hanya: daga tsibirin Principe zuwa sararin Zazzau

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, kwana kaɗan bayan an gama ƙidayar jama'a, rana ta yi zazzaɓi a arewacin Najeriya. Wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina, ta tsallaka Nijar ta wajen Damagaram, gari ya rufe kamar almuru na 'yan mintoci. Ikara da Maƙarfi da Kudan suna gefen kudu na hanyar inuwar, don haka a nan rana ba ta rufe ruf ba. Ta dai ƙanƙance ta koma kamar jinjirin wata, haske ya dusashe, zafin bazara ya sassauta a gonakin rake. A garuruwa da yawa an yi sallar husufi, aka koma harkoki.

Da a ce wani a Katsina ya ɗauki hoton taurarin da suka bayyana kewaye da baƙar rana a waɗannan mintocin, ya ajiye, bayan wata shida ya sake ɗaukar hoton taurarin nan da tsakar dare, ya ɗora hotunan biyu a kan juna, da ya tarar ba su zauna daidai ba. A hoton husufi kowane tauraro ya ɗan matsa nesa da rana. Taurarin suna inda suke, haskensu ne ya karkace da ya zo wucewa ta gefen rana.

Karkacewar haske ba baƙon abu ba ne. Wanda ya tsoma sanda a tafki ya ga ta karye daidai bakin ruwa, ya zaro ta lafiya lau. Direban da ya bi titin Zariya zuwa Kano da tsakar rana, ta Tashar Yari, ya san kawalwalniyar da ke malala a kan kwalta kamar an yi ruwa: hasken sama ne ya gangaro, ya tarar da iska mai zafi a kan titi, ya lanƙwaso ya shiga ido. Tun shekarar 984 wani masani a Bagadaza, Ibn Sahl, ya rubuta ƙa'idar yadda haske ke karkata idan ya shiga gilashi, Ibnul Haisam kuma ya faɗaɗa binciken a Alƙahira cikin Kitabul Manazir. Amma a duk waɗannan akwai abin da hasken ya ratsa, ko ruwa ko iska ko gilashi. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko nauyi kawai, ƙarfin nan da ke jawo mangwaro ƙasa ya kuma riƙe wata a kewayen duniya, zai iya karkatar da haske a sararin da babu komai.

A 1801 wani Bajamushe, Johann von Soldner, ya ɗauki lissafin Isaac Newton ya auna. Ya samu cewa hasken da ya goga gefen rana zai karkace da daƙiƙar kusurwa 0.84. Daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri guda. Ba wanda ke da abin auna wannan a lokacin, aka manta da takardar. A 1911 Albert Einstein, yana koyarwa a birnin Prague, ya bi tasa hanyar ya iso kusan wannan adadin, ya roƙi masana taurari su gwada. Wata tawagar Ajantina ta je Barazil a 1912, ruwan sama ya ɓata mata rana. Erwin Freundlich ya kwashi kaya daga Berlin zuwa Kirimiya don husufin Agustan 1914, yaƙin duniya na farko ya ɓarke yana can, Rashawa suka tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, suka riƙe kayan.

Wani jinkirin alheri ne. Da an yi awon a lokacin, da ya ƙaryata Einstein, domin adadinsa rabin gaskiya ne. Sai a Nuwamban 1915 ya kammala nazarinsa, inda ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, haske kuwa yana bin hanyar da ya tarar. Misalin da ya fi kusa shi ne mutum huɗu su ja zane su ɗora dutsen niƙa a tsakiya, a gangara goruba ta gefe: ba wanda ya taɓa ta, amma za ta karkata wajen dutsen. Sabon lissafin ya ba da 1.75, wajen ninki biyu na tsohon. Girman kusurwar bai wuce faɗin murfin kwalbar lemo da aka hango daga nisan kilomita uku ba.

Babban masanin taurarin Ingila, Frank Dyson, shi ya lura cewa husufin 29 ga Mayu 1919 dama ce da ba a cika samun irinta ba. Rana za ta tsaya a gaban wani gungun taurari masu haske da Turawa ke kira Hyades, maƙwabtan Kaza da 'Ya'yanta, kuma duhun zai daɗe. Ya shirya tawaga biyu tun ana tsakiyar yaƙi. Ɗaya ta Andrew Crommelin da Charles Davidson, zuwa Sobral a arewacin Barazil. Ɗayar ta Arthur Eddington na jami'ar Cambridge da wani mai gyaran agogo, Edwin Cottingham, zuwa Principe, ƙaramin tsibirin da ke hannun Fotugal a tekun da ke kudu da Najeriya. Eddington ya ƙi shiga soja saboda aƙidarsa ta ƙin yaƙi, wannan aikin ne Dyson ya kafa hujja da shi aka ɗaga masa ƙafa. Ga Baturen Ingila zai sha wahalar teku don ya gwada maganar masanin Berlin, alhali ƙasashen biyu ba su gama binne matattunsu ba.

Duk wanda ya ɗora yatsa a kan Kudan a taswira ya gangara kudu sak, ya wuce Kaduna da Abuja da Neja Delta ya faɗa teku, zai sauka dab da Principe, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai. Ranar Alhamis ce, ƙarshen watan Sha'aban na 1337, jama'a na shirin duban watan azumi. Aliyu Ɗan Sidi ne Sarkin Zazzau, ƙasa kuma ba ta daɗe da fita daga annobar murar 1918 ba. Da azahar ɗin ranar gefen inuwar ya taɓa ƙasar Zazzau, wata ya ci wani ɓangare na rana.

A Principe kuwa gari ya waye da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Eddington ya kafa madubin hangen nesansa a wata gonar koko mai suna Sundy. Leburorin gonar ne suka ɗauko akwatunan, irin mutanen da aka kwaso daga Angola da wasu wurare da sunan kwantiragi, cikin halin da ya sa kamfanonin cakulan na Ingila suka daina sayen kokon tsibiran a 1909. Tarihin kimiyya ya riƙe sunayen masu madubi, bai riƙe nasu ba, kuma wannan rashin adalci ne. Wajen tsakar rana ruwa ya tsagaita. Ƙarfe biyu ta ɗan gota duhu ya sauka, gajimare bai gama washewa ba. Cikin kamar minti biyar suka ɗauki hoto goma sha shida a faranten gilashi, Cottingham na ƙirga daƙiƙoƙi, Eddington na sauya faranti, ko ɗaga kai ya kalli abin da ya zo dominsa bai samu yi sosai ba. Biyu kacal daga cikin hotunan suka nuna taurarin da za a iya aunawa, matsin da ake nema a kansu kuma bai kai kaurin gashi ba.

A Sobral sama ta fi kyau, sai dai babban madubinsu ya ba da hotuna masu hazo, ana zaton zafin rana ne ya taɓa gilashin. Ƙaramin madubi mai inci huɗu da suka riƙo don ko-ta-kwana shi ya fid da su kunya. Ranar 6 ga Nuwamba 1919 aka taru a Landan aka karanta sakamako: ƙaramin madubin Sobral ya ba da 1.98, Principe 1.61. Duka biyun sun fi kusa da 1.75 na Einstein fiye da rabinsa na lissafin Newton. Washegari jaridu suka ɗauka, sunan Einstein ya zagaya duniya.

An daɗe ana ƙorafi cewa an ajiye hotunan babban madubin Sobral ne, waɗanda suka ba da 0.93, don ba su yi wa Eddington daɗi ba. Ƙorafin bai da ƙarfi. Dyson da mutanensa ne suka yanke hukuncin saboda lalacewar hotunan, kuma da aka sake auna faranten da na'urar zamani a 1979, sai suka ba da 1.55. Abin da ba a musu shi ne awon bai da kaifi. Aka ci gaba da bin husufi, Ostireliya a 1922, Khartum a 1952, Shinƙiɗi ta Muritaniya a 1973, garin nan na malamai da tsofaffin littattafai, inda tawagar jami'ar Texas ta yi fama da guguwar yashi. Rabin ƙarni ana wannan, kuskuren awo bai sauka ƙasa da wajen kashi goma cikin ɗari ba.

Tun a 1919 wasu suka ɗaga wata tambaya mai ma'ana. Idan wata ya rufe rana, ana ganin wani farin rawani a kewayenta. Ashe ba zai yiwu wannan rawanin ne ya karkatar da hasken ba, yadda ruwa ke karya sanda? Lissafi ya nuna cewa ga hasken ido rawanin ya yi sirantar da ba zai iya ba. Taurari masu wutsiya ma suna ratsa shi su fita. Amma masu tambayar sun taɓo wani abu na gaske. Rawanin iskar gas ce da zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya, har ƙwayoyin zarra suka rabu da ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsu, kowa na yawo shi kaɗai. Wannan ake kira filasma. Hasken ido yana wuce ta kusan babu ruwansa. Igiyar rediyo kuwa, wadda ita ma haske ce mai dogon zango da ido ba ya gani, filasma tana lanƙwasa ta sosai.

A nan labarin ya shigo zauren kowane gida a ƙasar Hausa. Rana ba a jikinta kaɗai take yin filasma ba. Haskenta mai ƙarfi yana dukan iskar saman duniya, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, yana mai da ita wani rufi mai lantarki. Lokacin da Guglielmo Marconi ya ce ya aika sigina daga Ingila zuwa Newfoundland a Disambar 1901, masana sun yi mamaki, tunda duniya ƙwallo ce, igiya kuma miƙewa take yi. Arthur Kennelly da Oliver Heaviside suka ce a 1902 lallai akwai wani rufi a sama da ke maido ta. A Disambar 1924 Edward Appleton ya yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth ya auna tsayin rufin, wajen kilomita ɗari, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1947.

Ranar 13 ga Maris 1957 muryar Aminu Abdullahi Malumfashi ta buɗe sashen Hausa na BBC da shirin minti goma sha biyar. A 1966 BBC ta kafa tashar tura shirye-shirye a tsibirin Ascension, sama da kilomita 3,000 daga Zariya. Babu miƙaƙƙiyar hanya tsakanin can da Hunƙuyi, cikin duniya ya tare. Ana harba igiyar sama a karkace, ta shiga rufin filasma, ta yi ta lanƙwasowa har ta juyo ƙasa, ta sauka a eriyar wani manomi da ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa. Haka Rediyon Kaduna, da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ya riƙa isa ga Hausawan Kumasi da na Kamaru a kan mita 49 daga na'urorinsa na Jaji. Muryar Amurka ma ta yi shekara da shekaru tana turo shirin Hausa daga Sao Tome, maƙwabcin tsibirin da Eddington ya tsaya.

Tsofaffin masu saurare sun san halin wannan rufin ba tare da an koya musu sunansa ba. Sun san da rana sai a nemi tasha a mita 16 ko 19, da asuba ko dare a koma 41 ko 49. Dalili shi ne da rana ƙasan rufin yana kauri yana shanye dogayen igiyoyi, idan rana ta faɗi kuma wannan ɓangaren ya watse, shi ya sa tashar matsakaicin zango da ba a ji da azahar take shigowa raɗau bayan isha'i. Muryar da ke tashi tana faɗuwa kamar mai magana na tafiya yana dawowa, igiya ce ta iso ta hanya biyu masu bambancin tsawo, wani sa'in su haɗu su ƙarfafa juna, wani sa'in su kashe juna. Tashoshi na sauya mita ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, suna kuma bin zagayen tabon rana na shekara goma sha ɗaya. Wata rana rana takan yi tartsatsi mai ƙarfi, cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi haskensa ya iso, gajeren zango ya yi tsit a duk gefen duniyar da ke fuskantar rana, mai rediyo ya yi ta bubbuga akwati yana zargin batir.

Sararin Zazzau yana da wani matsayi na daban a wannan ilimi. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu bai bi ta tsakiyar taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, ya ratsa Najeriya kusa da ƙasar Zazzau. A kan layin, wajen kilomita 105 sama, wani kogin lantarki yana kwarara gabas kullum da rana, faɗinsa kamar kilomita 600. An fara ganin alamarsa a Huancayo ta ƙasar Peru, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Cyril Onwumechili ya ba da rayuwarsa ga nazarinsa tun daga Ibadan a shekarun 1950, har ya rubuta littafi guda a kai a 1997. A 1963, jami'ar Ahmadu Bello na da shekara ɗaya, wata masaniya 'yar Sikotilan, Rosemary Hutton, ta taso daga Gana ta shiga sashen fiziya a Samaru, ta yi shekaru tana bin motsin wannan kogin. Mai yankan rake a Maƙarfi da mai tsinkar tumatir a Ikara suna aiki ne a ƙarƙashin wani yanki na sama da masana ke tsallako teku don su auna, abin takaici kuma ɗaliban sakandaren yankin ba su cika jin labarin ba.

Rediyon ne kuma ya raba gardamar Einstein. A shekarun 1960 aka gano wasu abubuwa masu nisan gaske da ke watso igiyar rediyo, aka kira su kwasa. Kowace shekara, wajen 8 ga Oktoba, rana tana wucewa ta gaban ɗaya mai lamba 3C 279, ga kuma wani, 3C 273, a kusa da za a gwada da shi. Faifan rediyo ba ya bukatar duhu, saboda haka an huta da jiran husufi. A 1969 tawaga biyu a Kalifoniya suka yi awon. Sai ga tsohuwar tambayar 1919 ta dawo da ƙarfinta, domin yanzu rawanin rana yana karkatar da igiyar da gaske, kuma ta ɓangaren da ya saɓa: nauyi yana jawo ta wajen rana, filasma tana ture ta waje.

Abin da ya warware ƙullin shi ne halin biyun ya bambanta. Nauyi ba ya zaɓe, yadda ya lanƙwasa jan haske haka zai lanƙwasa shuɗi, haka igiyar rediyo ta kowane zango. Filasma kuwa tana zaɓe: idan aka rage tsawon zangon igiya da rabi, karkatarwarta takan koma kashi ɗaya cikin huɗu, dalilin da ya sa mita 16 da mita 49 ba sa hali ɗaya ke nan. To idan aka saurari kwasa ɗaya a zango biyu lokaci guda, bambancin da ke tsakaninsu aikin filasma ne zalla. A lissafa shi a cire, abin da ya rage na nauyi ne. Da wannan dabarar Edward Fomalont da Richard Sramek suka yi awo a Green Bank ta Amurka a 1974 da 1975, da faya-fayan da ke nesa da juna da kilomita 35, suka tabbatar da adadin Einstein da kuskuren da bai wuce wajen kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Irwin Shapiro ya hango wani gefen tun 1964: igiyar da ta bi ta gefen rana ba karkacewa kawai take yi ba, tana makara. Da kumbunan Viking suka sauka duniyar Mars a 1976, aka aika musu saƙo ta gefen rana, ya je ya dawo da lattin kusan rubu'in kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, daidai da lissafi. A Yunin 2002 kumbon Cassini, yana hanyarsa ta zuwa Zuhal, ya shiga bayan rana a nisan sama da kilomita biliyan ɗaya. Bruno Bertotti da Luciano Iess da Paolo Tortora, masana daga Italiya, suka yi magana da shi ta zanguna daban-daban lokaci guda, suka share hayaniyar rawanin rana kusan ƙaf. Sakamakon da suka buga a 2003 ya dace da Einstein har zuwa wajen kashi biyu cikin dubu ɗari.

Dabarar zango biyu tana aiki yau a gonaki. Taurarin GPS suna turo saƙo a kan megahaz 1575.42 da 1227.60, domin na'urar safiyo mai auna filaye ta gane jinkirin da rufin filasma ya jawo ta cire shi. A yankin da ke ƙarƙashin layin maganaɗisu abin yakan yi tsanani bayan magariba, lokacin da rufin ke yin kumfa-kumfa, saƙon ya riƙa rawa, wani lokaci ya yanke.

Awon Eddington kuwa ya sauko hannun talaka. A husufin 21 ga Agusta 2017 wani Ba'amurke, Donald Bruns, ya hau dutse a jihar Wyoming shi kaɗai, da ƙaramin madubi da kyamarar da ake saya a kasuwa, ya samu 1.75, da kuskuren wajen kashi uku cikin ɗari, abin da tawagogin gwamnatoci suka kasa cikin shekara hamsin. Ranar 20 ga Maris 2034 da safe inuwar wata za ta sake sauka a Najeriya, ta shigo ta Legas da Benin ta nufi Kamaru da Chadi. Daga Samaru tafiyar yini guda ce a mota, kuma yaran da za su kasance a ajin ƙarshe na sashen fiziya a shekarar suna makarantun Ikara da Maƙarfi da Kudan yanzu haka.